Jerin fedojin jita da SEND/RETURN: me ke cakuɗa dile, kuma daga ina gurnanin yake?

Sani_Tsirkiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu jita da masu haɗa sauti. Shawara nake nema a kan jerin kayana. Jitar irin Stratocaster ce mai siraran fikof uku (na'urorin ɗaukar sautin tsirkiya), amfilifaya kuma Peavey Bandit 112, mai ramukan SEND da RETURN a bayanta. Fedoji (ƙananan na'urorin sauti da ake takawa da ƙafa) shida ne: tiyuna Boss TU-3 na saita tsirkiya, wah na Cry Baby, Ibanez TS9 da Boss DS-1 masu sa sauti kaushi, koros CH-1 mai ninka sauti, sai dile DD-7 mai maimaita shi. A yanzu dukkansu a gaba suke a jere har zuwa INPUT, kuma adafta ɗaya ce ke ba su wuta ta waya mai rassa. Matsaloli uku ne. Da zarar an koma tashar LEAD ta amfilifaya, maimaicin dile sai ya cakuɗe ya zama kamar kunu. Sannan akwai gurnani da ba ya ɗaukewa. Na uku, sautin yana dushewa idan aka kwatanta da lokacin da jita ke shiga amfilifaya kai tsaye. Ta ina zan fara?

Injiniya_Fagge:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Mu fara da dile, don maganinsa yana bayan amfilifayarka. Amfilifaya ɗaki biyu ce. Ɗakin farko shi ne firi-amf, inda GAIN da nobobin bes da tirebul suke, kuma nan ne kaushin tashar LEAD ke fitowa. Ɗaki na biyu shi ne fawa-amf, mai tura sifika. SEND ƙofar fita ce daga ɗakin farko, RETURN kuma ƙofar shiga na biyu.

Aikin distoshan, wato kaushin nan, shi ne ya ɗaga ƙaramin sauti ya danne babba. To idan dile yana gabansa, maimaicin da ya kamata ya riƙa ja da baya yana ɓacewa, sai distoshan ya ɗago shi ya kusa kai ƙarfin abin da kake kaɗawa yanzu. Kuma tsohon sautin da sabon sukan shiga a murƙushe su tare, sai su haifar da wasu sautuka da ba ka kaɗa ba. Kunun da kake ji ke nan.

Ga yadda za ka haɗa. Jita ta shiga TU-3, daga nan wah, sai TS9, sai DS-1, sai INPUT na amfilifaya. Sannan waya ta fito daga SEND ta shiga CH-1, daga CH-1 zuwa DD-7, daga DD-7 ta koma RETURN. A DD-7 ka yi amfani da ramukan da aka rubuta A (MONO), shiga da fita. Dogayen wayoyi huɗu za ka buƙata maimakon biyu.

Bitrus_Jos:
Na yarda da Injiniya a kan DD-7, amma ba dole ba ne koros ya shiga luf, wato zagayen SEND da RETURN. CH-1 a bayan kaushi yana fitowa da faɗi sosai, wani lokacin har ya yi ƙarar ƙarfe. A gaban amfilifaya ya fi laushi, ya fi narkewa cikin sautin. Ga wanda yawancin kiɗansa a tashar CLEAN yake, kamar masu rakiyar mawaƙa a coci, bambancin ma kaɗan ne. Ka gwada wurin biyu, kunnenka ya yanke hukunci.

MaiMiksa_Kd:
Tambaya ɗaya kafin a yi nisa. Malam Sani, kaushin naka daga ina kake ɗaukarsa, daga LEAD ko daga DS-1? Idan amfilifaya tana kan CLEAN kullum, kuma TS9 da DS-1 ne ke yin aikin, babu abin da luf zai ƙara maka illa wayoyi biyu da sabuwar hanyar gurnani. Dile ya riga ya zo bayan kaushi. Shi ya sa masu Roland JC-120 da yawa ke jera komai a gaba, sautin kuma garau.

Sani_Tsirkiya:
Duka biyun nake amfani da su, Oga. TS9 a kan CLEAN wajen rakiya, LEAD kuma wajen solo.

MaiMiksa_Kd:
To luf ya zama dole ga dile. Bi abin da Injiniya ya faɗa.

Hamza_Gyaran_Rediyo:
Batun gurnani kada a yi masa canki-canka, a bi shi mataki-mataki. Cire komai. Jita, waya ɗaya mai kyau, amfilifaya. Murɗe bolum na jita zuwa sifili. In gurnanin ya ɗauke, to fikof ne ke tsinto shi daga iska: taransifoma, fanka, cajar waya, fitilun LED masu araha, ko ita kanta amfilifayar idan ka tsaya dab da ita. Siririn fikof haka halinsa yake. Ka juya jikinka a hankali kana riƙe da jitar, za ka sami kusurwar da ya ragu. A yawancin Stratocaster na zamani, matsayi na 2 da na 4 a maɓallin zaɓen fikof suna kashe wannan gurnanin, domin an naɗe fikof na tsakiya a juye.

In kuwa bolum yana sifili gurnanin na nan, to ba jita ba ce. Zare wayar gaba ɗaya daga INPUT. In ya ci gaba, matsalar tana cikin amfilifaya ko wutar da ke shigarta. In ya ɗauke, waya ce ko jak ɗinta. Bayan nan sai ka riƙa mayar da fedoji ɗaya bayan ɗaya, kowace da batir ɗinta mai bolt 9, ba adafta. Duk suka yi shiru da batir amma suka yi ƙara da adafta, ka kama ɓarawonka.

Kuma ka saurari irin ƙarar. Mai kauri can ƙasa, ta wutar gari ce, Hz 50 ko ninkinta 100. Siririya mai kama da kukan sauro, yawanci adafta ce ko fedar dijital da ke zuba ƙazantarta a layin wuta. Mai kama da huci, GAIN ne ya yi yawa.

Dogo_Bass:
Ni dai abin da na ga ana yi shi ne a karya dogon ƙarfen nan na uku a fulogin amfilifaya, ko a sa ta a adaftar soket mai baki biyu. Nan take gurnani ke ɗaukewa.

Hamza_Gyaran_Rediyo:
Don Allah Dogo kada ka koya wa kowa wannan. Ƙarfen nan na uku wayar ƙasa ce, kuma ita ce ke tsakanin mai kiɗa da kabari. Tsirkiyar jita a haɗe take da gadar jita, gadar a haɗe da garkuwar waya, garkuwar a haɗe da jikin amfilifaya. Ranar da wata waya mai wuta ta taɓa jikin amfilifaya daga ciki, wayar ƙasa ce za ta kwashe wutar fiyus ya ƙone. In babu ita, bolt 230 suna zaune a kan tsirkiya suna jiran ka taɓa makirufo da leɓe ko ka taka siminti ba takalmi. Mawaƙa sun mutu a kan dandamali ta wannan hanyar.

Gaskiya ne gurnanin kan ɗauke, domin ka katse zagayen da wutar ke bi tsakanin na'urori biyu. Amma wurin katse shi a layin sigina ne: maɓallin GROUND LIFT na akwatin DI, mai kai siginar jita ga miksa, ko ƙaramar taransifomar raba layi. Ba a taɓa na wuta.

Injiniya_Fagge:
Ƙari a kan maganar Malam Hamza. Kafin a fara kiɗa a sabon wuri, sa mitar gwajin wuta a kan bolt na AC, baki ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar makirufo. Ya kamata ta nuna kusan sifili. In ta nuna gommai, kada a kaɗa sai an gyara. Kuma amfilifayar jita da miksa su sha wuta daga layi ɗaya, ta abin katse wuta na RCD mai mA 30. Kuɗinsa bai kai na feda ɗaya ba.

Dogo_Bass:
Na ji, na kuma janye. Amma gidaje nawa ne soket ɗinsu ke da wayar ƙasa ta gaske? Rami uku ne a fuska, waya biyu a ciki.

Illa_Damagaram:
Wannan ita ce babbar magana a wajenmu. Kiɗan biki a fili ake yi, da gurup, wato janareta, ba wutar gari ba, kuma ba kasafai ake kafa wa gurup sandar ƙasa ba. Akwai ƙusa a jikin firam ɗinsa mai alamar ƙasa. A ɗaura mata waya mai kauri zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa sama da mita ɗaya, a zuba ruwa a gindinta, don busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta. Sai an tayar da gurup ya daidaita kafin a kunna amfilifaya, kuma a kashe amfilifaya kafin a kashe shi. Kada a haɗa kayan sauti layi ɗaya da firji ko famfon ruwa, domin duk lokacin da injinsu ya tashi bolt na faɗuwa, fedar dijital ta mutu ta sake kunnuwa a tsakiyar waƙa.

Ladi_Keys:
Inbata ma a duba. Wadda ba a rubuta mata pure sine wave ba tana sa taransifomar amfilifaya zuuu, kuma babu jerin fedoji da zai gyara wannan.

Injiniya_Fagge:
Mu koma kan adaftar Malam Sani. Abu huɗu ake dubawa a kowace adafta, kuma duk a jikinta aka rubuta su. Bolt: 9. Iri: DC, ba AC ba. Fuska: tsakiyar baki ya zama mai alamar ragi, wato negatif, bakin kuma mai milimita 2.1. Na huɗu mA, wato yawan wutar da take iya bayarwa. Bolt dole ya zo daidai, amma mA ko ya yi yawa ba laifi, feda abin da take buƙata kawai take ja.

Lissafin naka: TU-3 na jan mA 30, ya kai 85 idan an kunna haskensa mai ƙarfi na amfani a rana. Wah kusan 1. TS9 da DS-1 kowace ba ta wuce 10 ba. CH-1 wajen 20. DD-7 kuma 55. Jimilla ba ta kai 200 ba ko da hasken tiyuna, saboda haka adaftar Boss PSA mai mA 500 ta ishe ka ta fuskar ƙarfi. Matsalar waya mai rassa ba ƙarfi ba ce. Duk fedojin suna tarayya a layin ƙasa ɗaya, sai ƙarar DD-7 ta bi layin ta shiga DS-1, shi kuma ya ninka ta.

Hamza_Gyaran_Rediyo:
Mafi yawan fedojin da ke zuwa teburin gyara a mace, adafta ce ta kashe su. Adaftar dikoda, ta rauta da ta kyamarar tsaro bakinsu na shiga feda daram, amma tsakiyarsu fozitif ne, kuma yawanci bolt 12 ne. Wayoyin USB masu ɗaga wutar fawa-bank zuwa bolt 9 su ma yawanci don rauta aka yi su, fuskarsu a juye take. In an yi sa'a dayod ɗin kariya ne kawai zai ƙone. Akwai kuma tarkon AC: tsohon Line 6 DL4 da DigiTech Whammy na huɗu adaftarsu bolt 9 ce amma AC. In ta kuskure ta shiga fedar Boss, an gama. A naɗa wa irin wannan wayar jan tef a baki.

Kayan gwanjo daga Amurka kuma a karanta bayansu kafin a kai su soket. In an rubuta 100 zuwa 240, shi ke nan. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifomar rage wuta.

Bitrus_Jos:
A kan TS9 da DS-1, ni DS-1 zan sa a gaba, TS9 a baya. Fedar ƙarshe ita ke da iko da ƙarfin sauti da launinsa. TS9 a baya, LEVEL a sama, yana ɗaga solo ya fito tsakiyar ganguna da kibod, saboda tudun da yake da shi wajen Hz 700.

Garba_Solo:
Akasin haka nake gani, ɗan'uwa Bitrus. TS9 a gaba, DRIVE kusan ƙasa, LEVEL wajen kashi uku cikin huɗu. Yana yanke bes kafin sigina ta shiga DS-1, sai kaushin ya tsuke ya daina rawa a tsirkiyoyi masu kauri. Amma ka faɗi gaskiya a abu ɗaya: ƙarin ƙarfi a gaban distoshan ba ya ƙara amo, kaushi kawai yake ƙarawa, don rufin ya riga ya cika. Kuma tunda Malam Sani a LEAD yake solo, duk abin da ya sa a gaban INPUT haka zai yi. In yana son solo ya ɗaga da gaske, sai EQ, fedar daidaita bes da tirebul, irin Boss GE-7 a cikin luf, a ɗaga Hz 800 da kHz 1.6 kaɗan, LEVEL ya hau dB uku ko huɗu.

Bitrus_Jos:
A nan mun haɗu. GE-7 a luf, gaban dile.

Sani_Tsirkiya:
Na gode ƙwarai. Na haɗa kamar yadda Injiniya ya tsara, kuma dile ya wanke tas a LEAD. Sai dai gurnanin ya ƙaru fiye da da. In na zare wayoyin SEND da RETURN sai ya ragu. Da batir a DD-7 da CH-1 kuwa shiru.

Injiniya_Fagge:
Madalla, gwajin batir ya ba da amsa. Abin da MaiMiksa ya yi gargaɗi a kai ne. Yanzu ƙasa tana da hanya biyu: ta garkuwar wayar INPUT zuwa fedojin gaba, daga nan ta waya mai rassa zuwa DD-7, sai ta garkuwar wayar RETURN ta koma amfilifaya. Zobe ya rufe, kuma zoben waya eriya ne ga gurnanin Hz 50. Hanya mai araha: adafta ta biyu don CH-1 da DD-7 kaɗai, waya mai rassa ta tsaya a fedojin gaba huɗu. Hanya mai ɗorewa: akwatin wuta wanda kowane baki a ware yake da ɗan'uwansa.

Sannan ka ɗaure dogayen wayoyin nan uku da ke tsakanin allon fedoji da amfilifaya su tafi tare kamar igiya ɗaya. Faɗin zoben shi ke ƙayyade yawan abin da yake tsinta. Wayar wuta kuwa kada ta kwanta a jere da su, in dole su haɗu to su gitta juna.

Hamza_Gyaran_Rediyo:
Hattara wajen sayen akwatin wuta. Da yawa masu araha an rubuta musu isolated a kwali, alhali waya mai rassa ce a cikin gwangwani. Gwajin minti ɗaya ne. Akwatin a kashe, sa wayoyi biyu a baki daban-daban, sa mita a wurin da take ƙara idan layi ya haɗu, ka taɓa tsakiyar bakin wannan da tsakiyar bakin wancan. In ta yi ƙara, ƙasarsu ɗaya, ba a ware suke ba. Ka tafi kasuwa da mitarka.

Ladi_Keys:
Batir ba mafita ba ne ga DD-7, a 55 mA sa'o'i kaɗan zai yi. Kuma a tuna a yawancin fedoji ramin INPUT shi ne makunnin batir. Muddin jak na ciki batir na ci, ko fedar a kashe take.

MaiMiksa_Kd:
Ba a taɓa matsala ta uku ba, dushewar sauti. Fikof ɗin da ba shi da batir imfidans ɗinsa, wato turjiyarsa ga sigina, babba ne, kuma kowace mita ta waya tana da kafasitans, wato halin riƙe caji, wajen pF 100. Su biyun in sun haɗu sukan zama matatar da ke zubar da tirebul. Daga wajen mita shida kunne ya fara ji. Bafa, wani ƙaramin sashe a cikin feda, ita ke maida siginar mai ƙaramin imfidans, sai tsawon wayar da ke bayanta ya daina tasiri. Fedojin Boss kusan duk suna da bafa da ke aiki ko an taka ko ba a taka ba: shigarta megohm 1 a TU-3, fitarta kilohm 1. Saboda haka in TU-3 ne farko, wayar da ke tsakanin jita da shi kaɗai ake lissafawa. Malam Sani, a tsohon jerin naka me ke farko, kuma wayar jitar mita nawa ce?

Sani_Tsirkiya:
Wah ne farko a da. Wayar kuma mita goma ce.

MaiMiksa_Kd:
To ga su nan biyu. Tsofaffin wah da yawa suna ci gaba da jan siginar ko a kashe suke, su shanye tirebul. TU-3 a gabansa ya magance wannan. Wayar kuma ka mayar da ita mita uku zuwa biyar. In kana buƙatar tsawo, ka ƙara shi bayan allo, ba gabansa ba.

Garba_Solo:
Kada dai sabbin shiga su ɗauka bafa a farko doka ce ko'ina. Faz, wata fedar kaushi, irin Fuzz Face, wanda ya fito a 1966, shigarsa ƙaramin imfidans gare ta, kuma an gina shi ne ya yi hulɗa da fikof kai tsaye. Shi ya sa in ka rage bolum na jita zuwa 7 yake wankewa ya yi garau. Sa masa bafa a gaba, sai ya yi tsini ya daina jin bolum. Mai irin wannan fedar ya sa ta farko, tiyuna ya biyo baya. Kuma masu taransistocin jamaniyam na PNP ƙasarsu fozitif ce, ba sa shiga waya mai rassa da sauran fedoji, sai batir ko bakin da aka ware.

Illa_Damagaram:
Jamaniyam a ƙasarmu wahala ce. Zafi na ƙara masa yoyon wuta, sai wurin aikinsa ya goce. Fedar da ta yi daɗi da safe a ɗaki, in ta sha ranar Afrilu a fili sai ta riƙa tsinkewa tana tari. Mai son faz a Damagaram ko Agadas ya nemi mai silikon, irin BC108. Zafin nan kuma yana narkar da gam ɗin abin manna fedoji a allo, gara a huda katakon a ɗaure da igiyar roba. Da hunturu ƙura na shiga wah ta ramin haƙoransa, sai fot, abin murɗawa da ke cikinsa, ya fara ƙarar yashi. Feshin wanke kwantak na lantarki ake sa masa, ba man injin ba, a murɗa sau ashirin ko talatin. Allon kuma a rufe shi da zane in ba a aiki.

Ga masu kaɗa irin salon Agadas, wanda su Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya, yatsu na gudu da ado mai yawa a kan tsirkiya ɗaya da ke ta amo a ƙasa. Dile mai tsawo na tattake wannan adon. Gajere ya fi, maimaici ɗaya ko biyu.

Ladi_Keys:
Lissafin lokacin dile ga mai buƙata: raba 60000 da saurin waƙa. A bugu 120 a minti, bugu ɗaya ms 500 ne. Rabinsa 250, kashi uku cikin huɗu 375, kashi ɗaya cikin uku wajen 167. Kiɗanmu da yawa a uku-uku yake tafiya, to 375 da ake yawan kwaikwaya daga waƙoƙin Turawa karo yake yi da kalangu. A gwada 167 ko 333. DD-7 na karɓar makunnin ƙafa na waje a ramin TEMPO/EXP, sai ka buga lokacin da ƙafa ka bi mai ganga.

Auwal_GT:
Tunda ana maganar luf, masu na'ura ɗaya mai komai a ciki fa? Haɗin waya huɗu haka yake: jita zuwa INPUT na na'ura, SEND na na'ura zuwa INPUT na amfilifaya, SEND na amfilifaya zuwa RETURN na na'ura, OUTPUT na na'ura zuwa RETURN na amfilifaya. A cikin na'urar sai ka ajiye tubalin luf a tsakiya, wah da obadiraif (irin TS9) gabansa, dile da ribab (amsa-kuwwar ɗaki) bayansa, ka kashe kwaikwayon amfilifaya da na sifika. Boss GT-100 da Line 6 HX Stomp suna yi. GT-1 da Zoom G1 Four ba su da SEND da RETURN, ba za su yi ba. Ta ɓangaren amfilifaya ma a duba: Katana-50 ba ta da luf, Katana-100 na da shi. Mai ƙaramar na'ura yana da wata hanya, ya kunna kwaikwayon amfilifaya ya shiga RETURN kai tsaye ya tsallake firi-amf. Amma ya fara da OUTPUT a ƙasa, don a wasu amfilifayoyin babu wani bolum bayan RETURN.

MaiMiksa_Kd:
In kuma miksa za a shiga ba amfilifaya, akasin haka ne: kwaikwayon sifika dole ya kasance a kunne. Sifikar jita tana zubar da kusan duk abin da ya haura kHz 5, sifikun taro kuwa har sama suke kaiwa. DS-1 kai tsaye a miksa kamar ƙudan zuma yake fita. Daga allo a shiga akwatin DI, daga nan wayar XLR zuwa miksa, komai nisanta.

Hamza_Gyaran_Rediyo:
Gargaɗi ɗaya ga masu leƙa bayan amfilifaya a duhu. Ramin SPEAKER OUT da na SEND jak iri ɗaya suke karɓa. Wanda ya kai SPEAKER OUT cikin feda ya ƙone ta, wataƙila har da amfilifayar. Mai amfilifayar bawul kuma kada ya taɓa kunna ta ba sifika a haɗe, taransifomar fita ce ke tafiya. A manna farin tef a rubuta sunan kowace waya a bakinta biyu.

Sani_Tsirkiya:
Na sa wa CH-1 da DD-7 adafta tasu, na ɗaure wayoyin tare, gurnanin ya koma ɗan kaɗan wanda ke ɓacewa a matsayi na 2 da na 4. Saura huci a LEAD idan TS9 na kunne. Kuma na lura in bolum ɗin tashar ya haura rabi, koros yana ɗan fashewa.

Injiniya_Fagge:
Fashewar daga ƙarfin luf ne. Siginar SEND ta fi ta jita ƙarfi nesa, wasu amfilifayoyin har matakin +4 suke fitarwa, fedar bolt 9 kuwa rufinta ƙasa yake. Duba kusa da ramukan ko akwai maɓallin matakin luf, in akwai sa shi a -10. In babu, rage bolum ɗin tashar ka ƙara na gaba da RETURN idan amfilifayar na da shi. In duk bai yi ba, mayar da CH-1 gaban INPUT bayan DS-1.

Bitrus_Jos:
Wurin da na ce tun farko ke nan. Ka bar DD-7 shi kaɗai a luf.

Garba_Solo:
Hucin kuma, kafin ka sayi komai rage GAIN na LEAD zuwa 4 ko 5, tunda TS9 na tura shi. Kaushi biyu a cike huci biyu ne. In bai isa ba, Boss NS-2, fedar toshe huci, na da nasa SEND da RETURN: jita a INPUT, SEND zuwa TS9 da DS-1, su dawo RETURN, OUTPUT ya wuce gaba. Yana sauraron tsaftatacciyar siginar jita ya san lokacin rufe ƙofa. Kada dile ya shiga cikin wannan zagayen, zai datse wutsiyar maimaici.

MaiMiksa_Kd:
Amma Malam Garba, hucin nasa a firi-amf yake haihuwa, NS-2 da ke gaban INPUT ba zai kai gare shi ba. Sai an shigar da firi-amf ɗin cikin zagayen: SEND na NS-2 ya bi ta fedojin kaushi zuwa INPUT na amfilifaya, SEND na amfilifaya ya dawo RETURN na NS-2, OUTPUT ɗinsa ya shiga DD-7, sannan RETURN na amfilifaya.

Injiniya_Fagge:
Zai yi aiki, sai dai feda ɗaya ta sake haɗa ƙasar gaba da ta luf, zoben da muka katse ɗazu na iya dawowa, kuma NS-2 ma bolt 9 ne, zai gamu da ƙarfin da ya fasa koros. Malam Sani, fara gaya mana: TS9 a kashe, bolum na jita a sifili, GAIN a 5, hucin na nan ko ya tafi?